Yadda Za Ka Hango Abin da Zafi da Matsi Za Su Yi wa Abu, Mataki-Mataki

Idan aka tambaye ka a digiri nawa ruwa ke tafasa, kada ka yi gaggawar cewa 100. Fara tambayar a ina. A bakin teku amsar 100 ce a ma'aunin Selsiyos. A birnin La Paz na ƙasar Bolibiya, wanda ke tudun da ya kai kusan mita 3,600, ruwa na tafasa a wajen digiri 88. A ƙololuwar dutsen Everest ko 70 da kyar yake kaiwa. Cikin rufaffiyar tukunyar matsi kuwa sai ya doshi 120 kafin ya tafasa. Ruwan ɗaya ne, nauyin da ke danne shi ne ya bambanta. Wannan jagora na koya maka karanta zafi da matsi a tare, domin duk wanda ya duba ɗaya ya manta da ɗayan, lissafinsa zai ɓace. Kayan da za ka buƙata kaɗan ne: sirinji babba marar allura, gorar roba mai murfi, balan-balan, ruwan ɗumi, ƙanƙara, da ma'aunin zafi idan akwai.

Mataki na farko: san abin da ke faruwa a ciki

Kowane abu, ƙarfe ne ko ruwa ko iska, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba sa taɓa tsayawa cik. A cikin sandararren abu suna riƙe da juna, kowace tana karkarwa a gurbinta. A cikin abu mai ruwa-ruwa suna manne da juna amma suna zamewa suna sauya wuri. A cikin gas sun rabu, kowace ta kama gabanta, kuma yawancin filin da gas ɗin ya cika wofi ne. Ƙwayoyin iskar ɗakin da kake zaune suna gudun kusan mita 500 a daƙiƙa guda, sai dai ba sa yin nisa sun yi karo da 'yan uwansu.

Abin da ma'aunin zafi ke nuna maka shi ne ƙarfin wannan motsi. Matsi kuma ƙarfi ne da ke danna wani fili. A gas, karon da ƙwayoyi ke yi da bangon mazubi ne ke haifar da shi. Zafi yana ingiza ƙwayoyi su rabu, matsi yana tura su su haɗu, halin da ka tarar da abu a ciki kuwa sakamakon wannan ja-in-ja ne. Riƙe wannan, sauran matakan duk daga nan suka fito.

Mataki na biyu: gyara ma'auninka kafin ka fara lissafi

A nan ne mafi yawan kuskure ke aukuwa, kuma kuskure ne iri biyu.

Na farko ya shafi zafi. Ma'aunin da Anders Celsius ya fito da shi a 1742 an gina shi ne a kan daskarewa da tafasar ruwa, don haka sifilinsa ba shi ne ƙarshen sanyi ba. Ƙarshen sanyi yana digiri 273.15 ƙasa da sifili, kuma daga nan ma'aunin Kelbin, wanda William Thomson ya gabatar a 1848, yake fara ƙirga. Duk lissafin gas da Kelbin ake yin sa: ka ƙara 273 a kan Selsiyos. Ga dalili. Idan iska ta tashi daga digiri 20 zuwa 40, za ka zaci zafinta ya ninka. A Kelbin daga 293 ta tashi zuwa 313, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 ke nan. Kafin ka ninka ta da gaske sai ka kai ta 586 a Kelbin, wato digiri 313 na Selsiyos.

Na biyu ya shafi matsi. Iskar da ke kanmu tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin da ya ɗan haura kilo ɗaya. A bakin teku wannan ya yi daidai da Paskal 101,325, ko kusan "ba" ɗaya (Paskal da "ba", wato bar a Turanci, duka ma'aunan matsi ne). Evangelista Torricelli ne ya fara auna shi a 1643, da ya ga iska na iya riƙe zaiba a cikin bututu har tsawon kusan santimita 76. A 1648 Blaise Pascal ya sa surukinsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututu, zaibar ta riƙa sauka yayin da yake ƙara hawa. To, ma'aunin iskar taya da makamantansa ba sa lissafa wannan matsi na sararin sama. Abin da ya ɗara shi kawai suke nunawa. Tayar da ma'auni ya ce sifili ba wofi take ba, matsin cikinta ne ya yi daidai da na waje. Saboda haka kafin lissafi ka ƙara ba ɗaya a kan abin da ma'auni ya nuna, in ka gama ka cire shi.

Mataki na uku: tambayi abin da aka hana sauyawa

Gas yana da abubuwa uku da ke tafiya tare: matsi, girman filin da ya cika, da zafi. Idan ka taɓa ɗaya, dole wani ya motsa. Aikinka shi ne ka gane wanne aka ɗaure.

Ɗauki sirinji, ja sandarsa zuwa mililita 20, toshe bakin da yatsa, sannan ka danna a hankali zuwa 10. Za ka ji yana tunkuɗo ka, domin matsin ciki ya ninka. Zafi bai sauya ba, fili ya ragu da rabi, ƙwayoyin suna dukan bango sau biyu fiye da da. Wannan ita ce dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662. Masu nutso cikin teku da tukunyar iska sun fi kowa girmama ta. Kowane zurfin mita 10 na ruwa yana ƙara matsi kwatankwacin na sararin sama gaba ɗaya. Wanda ya cika huhunsa a zurfin mita 10 ya taso yana riƙe da numfashi, iskar za ta nemi ninka girmanta a ƙirjinsa. Shi ya sa dokar farko da ake koya musu ita ce kada su taɓa riƙe numfashi.

Yanzu hura balan-balan kaɗan, ɗaure shi, ka auna kewayensa da zare, ka sa shi a firiza na minti 20. Zai tsuke, in ka fito da shi ya koma yadda yake. A nan matsi ne kusan bai sauya ba, domin fatar balan-balan tana miƙewa ta bi iskar waje, don haka girma ne ya bi zafi. Jacques Charles ya lura da haka a wajajen 1787, Joseph Gay-Lussac ya wallafa shi a 1802.

Hali na uku shi ne wanda ya fi shafar lafiyarka, wato mazubi mai tauri da ba ya miƙewa. Girma a ɗaure yake, don haka duk ƙarin zafi matsi yake komawa. Gwada da taya. An ba ta iska da safe a digiri 20, ma'auni ya nuna ba 2.2. Matsin gaskiya 3.2 ke nan. Bayan doguwar tafiya iskar ciki ta kai digiri 50. Ka ninka 3.2 da 323, ka raba da 293, za ka samu kusan 3.5. Cire ɗaya, ma'auni zai nuna 2.5. Wannan ne dalilin da ya sa ake auna taya tana sanyi, kuma kuskure ne a sace mata iska tana da zafi don an ga ma'auni ya hau, domin in ta huce za ta zama ba ta da isasshiya.

Duka ukun sun taru a ƙa'ida ɗaya: matsi sau girma, a raba da zafin Kelbin, amsar ba ta sauyawa muddin gas bai shiga ba kuma bai fita ba. Rubuta ta kafin sauyi da bayan sauyi, soke abin da ya tsaya, ka nemo wanda ya rage.

Mataki na huɗu: duba saurin da sauyin ya faru

Na ce ka danna sirinji a hankali da gangan. Idan ka matse gas da sauri, ƙarfin da ka sa yana shiga cikinsa ya zama zafi kafin ya samu damar fita. Taɓa gindin famfon keke bayan ka gama ba taya iska, za ka ji ɗumi. Injin dizal a kan wannan ya dogara kacokan: yana matse iska sau 15 zuwa 20 har zafinta ya wuce digiri 500, a fesa mai, ya kama da kansa ba tare da filogi ba. Akasin haka ma gaskiya ne. Iskar da ta faɗaɗa da sauri sanyi take yi, shi ya sa iskar da ta hau sama take hucewa har tururin cikinta ya zama gajimare. A matsakaici, zafin sararin sama yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace kilomita ta hawa.

Mataki na biyar: idan abin sandararre ne ko mai ruwa-ruwa, sauya tunani

Waɗannan ƙwayoyinsu sun riga sun haɗu, babu wofin da za a matse. Cika sirinjin da ruwa, fitar da duk kumfar iska, toshe bakin ka danna. Ba zai motsa ba. Ko a ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, inda matsi ya haura na sararin sama sau 1,000, ruwa bai tsuke da fiye da kusan kashi 5 cikin 100 ba. Birkin mota da jak suna aiki ne da wannan taurin kai na mai, kuma shi ya sa in iska ta shiga bututun birki sai feda ta yi laushi: iskar ce ke shanye dannawar.

Zafi kuwa yana kumbura su, kaɗan-kaɗan amma da ƙarfin da ba a iya tarewa. Ƙarfe na ƙara tsawo da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri. Lambar ta yi kama da abin rainawa, amma ka lissafa: dogon ƙarfe mai mita 100, in zafi ya hau da digiri 40, zai ƙaru da kusan santimita 5. Giɓin da ake bari a gadoji, da sakin da ake yi wa wayoyin lantarki tsakanin turaku, duk saboda wannan ne. Kofin gilas mai kauri da ke fashewa in an zuba masa tafasasshen ruwa shi ma haka ne, cikinsa ya kumbura bayansa bai riga ya ji zafi ba.

Ruwa yana da nasa halin daban. Ya fi nauyi a wajen digiri 4, in ya daskare kuma ƙaruwa yake yi da kusan kashi 9 cikin 100. Don haka ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, kuma kwalbar da aka cika maƙil aka sa a firiza take fashewa.

Mataki na shida: duba ko abin yana dab da sauya hali

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, domin da zarar abu ya fara narkewa ko tafasa, ƙa'idojin mataki na uku sun daina aiki.

Fara da gwaji. Zuba ƙanƙara da ɗan ruwa a tukunya, sa ma'aunin zafi, ɗora a wuta kaɗan kana juyawa. Wuta na ci, amma ma'auni zai tsaya a wajen sifili har sai ƙanƙarar ta narke. Daga nan zai yi ta hawa, sai ya sake tsayawa cak in ruwan ya fara tafasa, ko da ka ƙara wuta. Makamashin yana tafiya ne wajen tsinke riƙon da ƙwayoyi suka yi wa juna. Joseph Black, masanin Sikotland, shi ya bayyana wannan ɓoyayyen zafi a shekarun 1760. Lambobin suna da ban mamaki. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin makamashi kilojul 334 (kilojul ma'aunin makamashi ne), wanda ya isa ya ɗaga ruwa mai wannan nauyi daga sifili zuwa digiri 80. Mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi kuwa yana cin kusan kilojul 2,260, fiye da ninki biyar na abin da aka kashe wajen kai shi tafasa daga sifili. Wannan ne ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni: in ya sauka a fata ya koma ruwa, duk wannan makamashi a jikinka yake sauke shi. Gumi ma da wannan yake sanyaya jiki, yana kwashe zafi yayin da yake bushewa.

Sai matsi. Kowane ruwa yana da ƙwayoyin da ke ƙoƙarin tserewa su zama tururi, kuma ƙarfin wannan ƙoƙari yana hawa da zafi. Tafasa na faruwa ne a lokacin da ƙarfin ya kai matsin da ke danne ruwan. Ke nan hanyar tafasa ruwa biyu ce: ka ƙara zafi, ko ka rage matsi. Gwada ta biyun da hannunka. Zuƙi ruwan ɗumi mai kusan digiri 60 a sirinji, kamar kashi ɗaya bisa huɗu, juya bakin sama ka fitar da iska tas, toshe shi sosai, sannan ka ja sandar da ƙarfi. Kumfa za ta taso, ruwan yana tafasa a hannunka ba tare da wuta ba, domin a wannan zafi matsin da bai kai kashi ɗaya bisa biyar na sararin sama ba ba zai iya riƙe shi ba. A kan tudu, ka ƙiyasta raguwar digiri ɗaya a kowace mita 300 ta hawa.

Juya lamarin, ka samu tukunyar matsi, wadda asalinta ke komawa ga na'urar da Denis Papin ya ƙera a 1679. An hana tururi fita, matsi ya kusa ninkawa, ruwan ya kai wajen digiri 120, girki ya yi sauri. Na'urar da asibitoci ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan tiyata tana aiki a digiri 121 ta wannan hanya. Murfin lagireton mota shi ma bawul ne da ke riƙe matsi don kada ruwa ya tafasa da wuri. In ka buɗe shi inji na da zafi, matsin zai faɗi nan take, ruwan da ya wuce digiri 100 ya tafasa a lokaci guda ya yi tsartuwa, kuma tururi yana cin filin da ya fi na ruwansa kusan sau 1,700. Jira inji ya huce, babu wata dabara da ta wuce wannan.

Tukunyar gas ta girki misali ce da ya kamata kowa ya fahimta. Abin da ke ciki gas ne da ya koma ruwa-ruwa, matsi ne ya mayar da shi haka, domin furofen, ɗaya daga cikin gas ɗin da ake zuba wa irin wannan tukunya, a sarari yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili. Muddin akwai sauran ruwan a ciki, zafi ne kaɗai ke yanke matsin. Ga tsantsar furofen, kusan ba 8 ne a digiri 20, amma a digiri 50 ya kai wajen 17. Da dokar gas ce ke aiki, ƙarin kashi 10 cikin 100 kawai za a gani, ga shi kuwa ya ninka. Abubuwa uku suka biyo baya. Ba a ajiye tukunyar a rana ko kusa da wuta. Ba a cika ta fiye da kusan kashi 80 cikin 100, don ruwan ya samu wurin kumbura. Kuma ma'aunin matsi ba zai gaya maka sauran nawa ya rage ba sai dab da ƙarewa, sikeli ne ke faɗin gaskiya. Firji da na'urar sanyaya ɗaki wannan wasa suke maimaitawa dare da rana: a bar ruwan sanyaya ya tafasa a ƙaramin matsi a ciki ya kwashi zafi, kwamfiresa ta matse tururin, ya koma ruwa a bututun baya ya zubar da zafin a waje.

Mataki na bakwai: kada ka manta da gas da ya narke cikin ruwa

A taƙaice, matsi yana tura gas cikin ruwa, zafi yana korar sa. William Henry ya tsara ɓangaren matsin a 1803. Kwalbar lemo mai gas tana kumfa in an buɗe ta saboda matsi ya faɗi, mai ɗumi kuma ta fi mai sanyi bori. Mai nutso da ya taso da gaggawa, naitirojin da ya narke a jininsa haka yake yin kumfa, shi ya sa suke tasowa suna tsayawa. Ruwan kogi mai ɗumi kuma iskar oksijin da yake riƙewa ba ta kai ta mai sanyi ba, kifi ne ke fara shaida hakan.

Mataki na takwas: zana taswirar abin

Ɗauki takarda, sa zafi a layin kwance, matsi a layin tsaye. Kowane abu yana da yankuna uku a wannan taswira: sandararre a ɓangaren sanyi da babban matsi, gas a ɓangaren zafi da ƙaramin matsi, ruwa-ruwa a tsakani. Wurare biyu za ka yi wa alama.

Na farko shi ne mahaɗar da halaye ukun ke zama tare. Ga ruwa, tana a digiri 0.01 da matsin kusan Paskal 612. Ƙasa da wannan matsi babu ruwa-ruwa sam, daga ƙanƙara sai tururi. Mahaɗar iskar kabon-dayoksaid tana sama da matsin sararin sama sau biyar, shi ya sa busasshiyar ƙanƙararta ba ta jiƙa komai, a digiri 78.5 ƙasa da sifili take wucewa kai tsaye ta zama gas. Na biyu shi ne ƙarshen layin tafasa, wato layin da ya raba yankin ruwa-ruwa da na gas, wanda Thomas Andrews ya bayyana a 1869. Sama da wani zafi, duk matsin da za ka yi wa gas ba zai koma ruwa ba. Ga kabon-dayoksaid digiri 31 ne, ga ruwa 374. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna matse oksijin da naitirojin ba su ga ruwa ba, sai da suka gane dole a fara sanyaya su ƙwarai. Hiliyom ne ya fi ba da wahala, sai a 1908 Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da shi ruwa a birnin Leiden.

Zafin narkewa kuwa, ga yawancin abubuwa, ƙarin matsi yana ɗaga shi. Tsakiyar cibiyar duniyarmu ta wuce digiri 5,000, amma ƙarfen da ke can sandararre ne saboda matsin da ya haura na sararin sama sau miliyan uku. Ƙanƙara ce ta saɓa, matsi yana rage zafin narkewarta, sai dai kaɗan ne ƙwarai: ana buƙatar kusan ninki 130 na matsin sararin sama kafin a rage digiri ɗaya.

Gwada taswirar a kan duniyar Mars. Matsin iskarta a matsakaici yana wajen Paskal 600, ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 na namu, wato dab da mahaɗar halaye uku ta ruwa. Sa yatsanka a wannan tsayi a takardar, ka bi layi daga sanyi zuwa zafi. Za ka ga ka fita daga yankin ƙanƙara ka faɗa na tururi, yankin ruwa-ruwa ko dai ka tsallake shi ko ka ɗan goge gefensa. Kofin tsantsar ruwa da aka zuba a can zai fara tafasa nan take, tafasar ta kwashe masa zafi, abin da ya rage ya daskare.